Gardamar da Muka Kai Dungas

Tun da na dawo daga Nijar ba a bar ni na huta ba. A majalisarmu ta bakin masallaci a Dutse a tambaye ni, a ofis a Kiyawa a tambaye ni, har mai wankin hula sai da ya tare ni yana cewa, "Malam Habibu, wai da gaske ne a can gero a ƙarƙashin itace yake fita?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya tsinci inda ya yi masa daɗi ya tafi da shi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya.

Ni malamin gona ne, kuma ina dab da ajiye aiki. Yayana Inuwa, wanda muke ciki ɗaya, shi ke riƙe da gonarmu ta gado a ƙauyenmu da ke gefen Jahun. Damina biyu a jere ba ta yi masa kyau ba. Ruwa ya yi jinkiri har sai da ya yi shuka uku, da ya tashi zuwa kuma sai ya zo gaba ɗaya ya kwanta a gonar, gero ya ruɓe a tsaye. Bana da rani masu gawayi suka zo suka zagaya itatuwan da mahaifinmu ya bari, su gawo da ɗorawa da wata tsohuwar kirya, suka yi masa tayi. Da na ji sai na ɗauki babur na tafi.

Na ce, "Yaya, in ka sare su ruwan ma da ya rage guduwa zai yi. Ai abin da ya kawo canjin yanayin ke nan."

Ya dube ni ya ce, "Canjin yanayi. Kai ma ka haddace? Habibu, tun kafin a haifi kakanmu ake fari ake ambaliya. Turawa ne suka samo hanyar cin abinci, ku kuma ana kai ku otal a ba ku shinkafa da kaza, ku dawo kuna gaya mana mu muka kori ruwa."

Maganar kazar ta yi min zafi, domin akwai gaskiya a cikinta. Sai aka yi dace wata ƙungiya da ke aiki da manoma za ta kai mutum takwas ƙauyukan wajen Dungas su ga yadda ake renon itace a gona, kuma ni ne jagora. Wani daga cikin waɗanda aka zaɓa ya kwanta ciwo. Na lallaɓa Yaya ya maye gurbinsa, bisa sharaɗin ba zai sa gatari ba sai mun dawo. Ni a raina, mutanen can za su gama min da shi.

Mun tashi daga Dutse bayan sallar asuba a wata bas mai cin mutum goma, muka ɗauki Yaya a Jahun. Ƙarshen bazara ne, irin zafin da ƙarfe bakwai na safe riga ta manne a baya. A Gujungu muka ɗauki Hajiya Rabi, wata mai noman tumatir da albasa daga Ringim, ita kaɗai ce mace a tafiyar, kuma ta fi mu duka baki. Ba mu yi nisa da barin Gujungu ba motar ta fara tururi. Direba ya tsaya, ya buɗe gaba, ya juye ruwan shanmu rabi a cikin lagireto.

Yaya ya leƙa ya ce, "Malamin gona, zo ka duba. Ko ita ma canjin yanayin ne ya kama ta?"

Aka yi dariya. Muna tsaye a inuwar wata bishiyar maina sai ga manyan motoci biyu sun wuce, an lafta musu itacen girki har suna karkata. Na nuna masa su da hannu. Ya ce, "To me matarka take girki da shi a Dutse?" Itacen ne kuwa, domin gas ya fi ƙarfinmu tun bara.

A bakin iyaka a Maigatari ne na sha kunya, kuma laifina ne. Takardar da ƙungiya ta ba mu tana ɗauke da sunan mutumin da bai zo ba, na manta ban sa an gyara ba. Jami'in da ya karɓa ya kira sunaye, ya zo kan Musa, Yaya ya miƙa katinsa mai sunan Inuwa. Mutumin bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ku bakwai ku wuce, dattijo ya jira Musa." Awa uku muka yi a rumfar wata mai fura ana neman wanda zai sa hannu a sabuwar takarda a Dutse ya turo ta waya. Shanu da raƙuma suna ta wucewa ta gabanmu ba mai tambayarsu suna.

Yaya bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Sai ya gyara zama ya ce wa sauran, "Kun gani ko? Takarda ta ce ni Musa ne. Irin wannan takardar ce ta ce duniya ta ƙara zafi."

Hajiya Rabi ta ce, "Ai ni ba sai takarda ta gaya min ba, Alhaji. Tumatirina furensa yake zubarwa tun kafin ya ƙulla."

Ya ce, "Rana ce ta ƙara ƙarfi, Hajiya. Wa ya isa ya taɓa rana?"

La'asar ta yi sakaliya kafin mu isa ƙauyen da za mu sauka. Hanya ce ta yashi, sau biyu muna fita muna turi. Abin da na fara lura da shi shi ne gonakinsu ba fili fetal ba ne kamar namu. Ko'ina itatuwa ne matasa, an yi musu aski an bar reshe biyu ko uku sun miƙe. Sun ce sunan abin sassaben zamani. Ba dashe suke yi ba, kututturen da ya toho ne ba sa ƙonewa, sai su rene shi.

Mai masaukinmu wani dattijo ne, Baba Isufu, dogo, siriri, ba ya gaggawar magana. Hausarsu da tamu ɗaya ce sai ɗan abin da ba a rasa ba. Makaranta su lakwal suke cewa. Da Baba Isufu ya ce, "Za ku kwana a lakwal, Mushe yana can yana jiranku," sai Yaya ya tsaya cik ya ce, "Da mushe za a haɗa mu kwana?" Sai da aka yi masa bayani cewa haka suke kiran malamin makaranta. Mushe Lawali da kansa ya fito yana dariya, ya ce ba mu ne baƙin Najeriya na farko da suka tsorata da shi ba. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, da tabarau ɗaure da zare a gefe guda.

Aka share mana aji ɗaya aka shimfiɗa tabarmi, Hajiya kuma aka kai ta cikin gidan Baba Isufu. Abinci dai tuwon gero ne da miyar kuka, amma da rana fura ce abincin, ba abin ɗorawa ba kamar a wajenmu. Suna dambu da zogale mai yawa, ganye ya fi tsaki. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa da tauri, Yaya sai da ya jiƙa nasa a shayi ya ce bai zo ƙasar mutane ya bar haƙori ba. Shayin kuwa sau uku ake zuba shi a ɗan ƙaramin kofi, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Na tashi bayan na farko zan je in yi rubutu, Baba Isufu ya bi ni da kallo har na dawo na zauna.

Washegari ya zagaya da mu gonarsa. Ya tona ƙasar gindin wani gawo da sandarsa ya nuna mana yadda ta yi duhu da laushi. Ya ce da can iska takan binne musu shuka sau biyu sau uku, yanzu itatuwa suna karya ta. Matansa sun daina tafiyar yini neman itace, rassan da aka aske sun ishe su. Awaki suna cin 'ya'yan gawo da rani. Ni kuwa ina ta duban Yaya, ina jin lokacina ya zo.

Na ce, "Baba, gaya wa yayana. Tun da kuka bar itatuwan nan ruwan sama ya dawo muku daidai, ko ba haka ba?"

Baba Isufu ya dogara da sandarsa. Sannan ya ce, "A'a, ɗana. Wa ya gaya maka? Itace ya gyara min ƙasa, ya tare min iska. Amma ruwa yana nan da halinsa. Bara sai da ya yi kwana da kwanaki bai zo ba a tsakiyar damina, da ya zo ya rushe min rumbu. In na ce maka itacena ya kira hadari na yi ƙarya."

Yaya ya yi wata dariya ƙasa-ƙasa wadda na sani tun muna yara. Shekara nawa ina tsayawa a gaban manoma ina cewa ku ne kuka kori ruwa da gatarinku. Haka na ji ana faɗa a taro, haka nake maimaitawa, ban taɓa zama na bi maganar na ga inda ta tsaya ba.

Da yamma muka zauna a inuwar ajin ana dafa shayi. A tsakar makarantar akwai wani gwangwani a kan sanda, wanda Mushe Lawali yake auna ruwan sama da shi, aikin da ya gada daga malaman da suka riga shi. Yaya, da yake ya ci nasarar safe, shi ya tayar da zancen.

Ya ce, "Malam, kai da kake da ilimi, ka gaya wa ƙanena gaskiya. Ba tun fil azal ake fari ba?"

Mushe Lawali ya ce, "Ana yi, Alhaji. Kakata ta ba ni labarin yunwar da suka ci ganye. Duk wanda ya ce maka da can lafiya lau ake, bai san tarihi ba. Amma don mutane suna mutuwa tun fil azal, in aka tsinci gawa da wuƙa a ciki ba a cewa ai da ma ana mutuwa. Sai an duba."

"To an duba. Rana ce."

"An duba ranar ma. Akwai masu auna ƙarfinta shekara da shekaru, ba su ga ta ƙaru ba. Amma bar su, kai zan tambaya. Kuna yara, da bazara in kun kwana a tsakar gida, yaya asuba take?"

Yaya ya ce, "Sai an ja mayafi."

"Yanzu fa?"

Mu duka mun san yadda muka tashi a ajin nan da safe, tabarma jiƙe da gumi.

Mushe Lawali ya ce, "Da rana ce kaɗai ta ƙara wuta, da in ta faɗi sai gari ya huce kamar da. Abin da ya faru shi ne zafin ya daina samun hanyar fita. Hayaƙin man fetur da kwal da ake ƙonawa a duniya ya taru a sama ya zama kamar murfin tukunya. Iska kuma in ta yi zafi ta fi ɗaukar ruwa, shi ya sa take riƙe shi ta daɗe, in ta sake shi kuma ta sake shi da yawa."

Hajiya Rabi ta ce, "To ni ambaliyar da ta cinye min fadama, wannan murfin ne?"

Ya ce, "Ba zan rantse miki ba, Hajiya. Ban san koginku ba."

Ta ce, "Ciyawar kacala ta toshe shi, mutane kuma sun yi gini a hanyar ruwa."

"To kin ga, da wannan da wancan. Wanda ya ɗora wa canjin yanayi komai shi ma bai kyauta ba, yana ba wa masu toshe magudana mafaka ne. Abin da na sani, ruwan da a da yake zuwa a sati uku yanzu yakan zo a yini biyu. Ina gani a gwangwanin nan."

Yaya ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Na ji. To motata nawa? Masana'antata nawa? Waɗanda suka ƙona man sun yi kuɗi, yanzu su ne suke aiko mana da irin su Habibu a ce kada mu sare itace."

Mushe Lawali ya ce, "Nan kam ba ni da ja. Sare daji yana ƙarawa, amma duk gatarin ƙauyenku da namu in an haɗa bai kai komai ba a kan nasu. Sai dai, Alhaji, in wanda ya jefar da guntun taba ne ya zo ya ce maka dangarka na ci da wuta, za ka ƙi fita ka duba don ba ka son bakinsa?"

Sai Yaya ya kawo ta ƙarshe, wadda na san a nan yake fakewa kullum. Ya ce, "Komai dai ikon Allah ne."

Baba Isufu ne ya amsa, yana juya shayi bai ɗago ba. Ya ce, "Ikon Allah ne, ba mai musu. Ran da shanun wani suka shiga gonarka suka cinye gero, shi ma ikon Allah ne. Amma ka je wajen mai gari ko ba ka je ba?"

Yaya ya ce, "Na je."

Ni kuwa ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. An kayar da shi, amma ni aka fara kayarwa tun da safe.

Kwana uku muka yi. Sun koya mana yadda ake zaɓar reshen da za a bari da yadda ake yanka a karkace don kada ruwa ya zauna. Na ga Yaya ya karɓi lauje ya gwada a kututture biyu, ya kuma tambayi Baba Isufu yadda suke hana makiyaya sassake musu gawo. Ranar tafiya matan gidan suka ɗaura wa Hajiya busasshen zogale a ɗankwali, mu kuma aka ba mu dawon fura wanda ya yi tsami tun kafin mu kai iyaka.

Dawowa ba a tsayar da mu ba, amma tayar baya ta fashe kusa da Gumel, kuma safayar ba iska. Muka zauna a bakin titi direba ya hau babur ya tafi neman mai faci. Sauran suka bazu neman ruwa. Ni da Yaya muka rage a gindin wata tsamiya. Hadari ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso, muna kallo ya watse bai zubar da ko ɗigo ba.

Na ce, "Yaya, ka yafe min. Na ce maka kai ka kori ruwa, ashe ba haka zancen yake ba."

Ya ce, "Na sani." Ya ɗan jima yana karya wani tsinke. Sannan ya ce, "Kana zaton ban ga abin da ke faruwa ba? Ni nake kwana a gonar nan. Na riga ka sanin asuba ta daina sanyi."

"To me ya sa kake musu?"

Ya ce, "In na ce daga Allah ne kawai, na san inda zan kai kukana, in yi alwala in ɗaga hannu in samu barci. Yanzu kun ce da hannun mutum a ciki. To na yarda. Hannun wa zan kama? Shi mai shanun na san rugarsa. Waɗannan wane mai gari zan kai su?"

Ban yi ƙoƙarin ƙirƙiro masa amsa ba. Na gaji da ba da amsar da ban tabbatar ba.

Mun sauke shi a Jahun ana kiran magariba. Ni kuma na iso Dutse da ciwon baya wanda sai da na yi kwana biyu ban je ofis ba. Da na koma aka ce in rubuta rahoto, na rubuta cewa itace yana gyara ƙasa, yana tare iska, yana ciyar da dabba, kuma a daina gaya wa manoma su ne suka kori ruwa. Shugabana ya karanta ya ce jimlar ƙarshen ta yi tsauri. Na ce a bar ta, saura kaɗan in tafi.

Masu tambaya ko Yaya ya sayar da itatuwan, ga abin da na sani. Kiryar ya bayar, ya ce da ma ta bushe ta gefe guda, kuma akwai bakunan da za a ciyar a gidan. Gawo da ɗorawa suna nan. Makon jiya na je na same shi a gona da rana tsaka, ya durƙusa a gaban wani kututturen kalgo yana rage masa rassa. An yi ruwan shuka sau ɗaya, ya shuka, kuma yau kwana goma sha ɗaya ke nan ba a sake ba. Gero ya fito kamar allura ya fara nannaɗewa.

Na ce, "Yaya, ashe ka ɗauki sassaben."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ba zai kawo ruwa ba, ka ji da kunnenka. Riƙe min reshen nan."

Na tattare rigata na durƙusa na riƙe.